Tsirkiya Huɗu da 'Yar Ƙusa

Litinin, 3 ga Maris

'Yata Auta ta sauka lafiya da hantsi. Mace. Na zama kaka.

Sai da na gwada layin nan a bayan kwali kafin in sa shi a nan. Malamar ajin yamma da ta koya mini rubutu ina da furfura ta sha ce mana abin da ya cika ciki a zuba shi a takarda. To ga shi na zuba, bai ragu ba.

Da nas ta miƙo mini ita na rasa yadda zan riƙe. Siririya, doguwa, da ɗan kai zagaye. Na ce wannan ai 'Yar Ƙusa ce. Tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta harare ni ta ce, "Kai dai ko jika aka ba ka sai ka kai ta shagon kafinta." Ko ta so ko ta ƙi, sunan ya zauna.

Asabar, 8 ga Maris

Na sayo abin kiɗa. Ni ɗin nan.

Tunda gwiwa ta sa na bar wa ƙanena shago, yawo nake yi da safe. Yau na tsaya gaban shagon kayan kiɗa da ke kusa da tashar mota, na ga wani ɗan abu a rataye kamar jita da ba ta gama girma ba. Mai shagon ya ce sunansa ukulele. Ya ce, "Baba, wa jika za ka saya?" Na ce a'a, kakan jika zan saya wa. Ya sauko da guda uku, ƙarami da matsakaici da babba. Na ƙwanƙwasa bayan kowanne da gaɓar yatsa, na shinshina ramin. Na ɗauki ƙaramin, katakon ba wani na kirki ba ne amma haɗin wuyan ya yi kyau.

'Ya'yana ƙarar zarto suka tashi da ita. Wannan ina so ta tashi da abu mai daɗi, kuma daga hannuna.

Tsohuwata ta juya shi ta ƙirga. "Uku kuma, ga tsirkiya huɗu? Tun daga suna an cuce ka."

Laraba, 19 ga Maris

Surukina, mijin Auta, ya zuba mini bidiyon koyo a waya kafin ya tafi da motar kayansa. Malamin cikin wayar sauri ne da shi, amma yana da kirki guda ɗaya: in na danna shi sai ya tsaya, ba ya ƙosawa.

Kamun yatsu sunan haruffa aka ba su. Da ban yi ajin yamma ba da tun nan na tsaya. C yatsa ɗaya ne, mutumin kirki. F biyu. G kuwa azzalumi ne. Yatsuna kamar kan guduma suke, in na danne tsirkiya ɗaya sai maƙwabciyarta ta mutu.

Mai walda, abokina na tsallaken titi, ya leƙo ta katanga ya ce, "Kafinta, akuyar wa ta maƙale a gidanka? In zo da wuƙa?" Na ce masa mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kurumtar da unguwa ba shi da bakin magana.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Kan yatsuna ya yi kanta sabuwa a kan tsohuwa. G ta fito sau ɗaya tsaf, ba kowa a gida da zai shaida.

Talata, 22 ga Afrilu

Na haɗa mata waƙa. Ba ta kowa ba ce, tawa ce. 'Yar Ƙusa buɗe ido, kakanki ya zo, ya bar guduma a gida. C, F, C, sai G a ƙarshe in Allah ya taimaka. Tsohuwata ta ce waƙar ba laifi, mai waƙar ne dai. Amma na ji ta tana yin ta a kicin.

Juma'a, 9 ga Mayu

Auta ta kawo ta wuni. Na sa riga mai kyau kamar mai zuwa neman aiki. Na zauna gefen katifa na kaɗa mata daga farko har ƙarshe, G ma ba ta ba ni kunya ba.

Barci take yi da na fara, barci take yi da na gama. Ko motsi. Na ce wa Auta kin ga aikin gwani, waƙar barci ta yi aikinta. Auta ta yi dariya, amma ba har ciki ba. Gajiyar goyo ce.

Alhamis, 12 ga Yuni

Yanzu tana gane ni. In na leƙo da fuskata sai ta washe baki ta yi ta harba ƙafa. Ban san zuciyar tsoho tana iya irin wannan tsalle ba.

Abu ɗaya dai. Tana kwance tana kallon taga, na zo ta bayanta na kaɗa. Ba ta juyo ba. Na sake. Sai da na zagayo gabanta ta gan ni sannan ta yi dariya.

Na dawo ɗaki na saurari abin da kyau. Tsirkiya ta uku ta saki, sautin ya karkace. Yaro ba ya munafunci, abin da ba daɗi ba zai juyo masa ba. Laifina ne.

Asabar, 14 ga Yuni

Mai shagon ya ba ni 'yar na'urar saiti, ana maƙala ta a kan ukulelen, in tsirkiya ta daidaita sai ta kawo kore. Na wuni ina murɗa kunnuwan da ake ɗaure tsirkiyoyin. Duk huɗun kore.

Lahadi, 29 ga Yuni

Muna zaune a falo, murfin babbar tukunya ya suɓuce wa tsohuwata a bakin ƙofa. Ya daki siminti ya yi ta juyi yana ƙara. Ni da kaina sai da na zabura, surukina ya zubar da shayi. 'Yar Ƙusa tana cinyar uwarta tana wasa da yatsunta. Ko ƙifta ido.

Na ga tsohuwata ta kalli Auta, Auta ta kalli ƙasa.

Na ce jarumta ce, jinin kafinta ne, mu ƙara ba ta firgita mu. Wai sai aka ce a zubo abinci.

Ba na son irin wannan kallon-kallon na mata.

Laraba, 2 ga Yuli

Ban yi tunanin murfin tukunya ba yau. Na ce ban yi ba.

Litinin, 7 ga Yuli

Na canza tsirkiyoyin gaba ɗaya. Mai shagon ya ce waɗanda ake sayar da abin da su na banza ne, waɗannan farare sun fi amo. Ɗaurin ya ba ni wuya, kullin gindin yana ta zamewa. Sababbi kuma miƙewa suke yi, ka saita yanzu, kafin ka sha ruwa sun saki.

Na gwada mata da yamma. Ta dama, ta hagu, ta baya. Tana tsotsar hannu.

Wataƙila ƙaramin ba shi da murya. Akwatinsa bai fi tafin hannuna biyu ba, ina sauti zai taru?

Asabar, 19 ga Yuli

Na mayar da ƙaramin na karɓo babban. Katako ne na gaske wannan, in ka kaɗa har cikinka yake shiga. Mai shagon ya ce, "Baba, ka fa yi nisa, ko gidan biki za ka fara zuwa?" Ban gaya masa ba.

Mai walda ya ce yanzu akuyar ta girma ta zama sa.

Alhamis, 24 ga Yuli

Auta ta same ni a bayan gida wajen teburin aikina. Ta daɗe tana juya wata ƙusa a hannu kafin ta yi magana. Ta ce sun karɓi rana a asibitin kunne, wata mai zuwa za a auna yarinyar.

Na ce auna me? Wa ya ce ba ta da lafiya?

"Baba, ni nake kwana da ita. Ina kiran ta ba ta juyowa."

Na ce ke ma sai da kika kusa shekara biyu kafin ki yi magana, ga shi yanzu ba a iya tsayar da ke. Na ce ta ba ni lokaci kaɗan, hannuna bai gama faɗawa ba, ran da na kaɗa yadda ya kamata za ta gani da idonta.

Ta ce, "Baba, ba kiɗanka ba ne." A hankali ta faɗa. Na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba. Na ce kada a ja wa jikata baki.

Tsohuwata ba ta yi mini magana ba har yamma. Da ta ajiye mini abinci ta ce, "Malam, kai kaɗai ne ba ka ji ba a gidan nan."

Juma'a, 1 ga Agusta

Ina kaɗawa tun safe har yatsa ya fashe. Na naɗe da filasta na ci gaba. G ɗin nan yanzu ko ido rufe.

Ya Allah, ko sau ɗaya. Ta ɗan karkato kai kawai. Ban roƙi da yawa ba.

Talata, 5 ga Agusta

Mai shagon ya nuna mini wata dabara. Wani ɗan faifai ake manna wa a cikin ukulelen, waya ta fita daga shi zuwa lasifika. Ya ba ni aron lasifikar in gwada. Da ya kunna a shago sai da gilashin taga ya yi rawa.

Wannan ko dutse ne zai juyo.

Lahadi, 10 ga Agusta

Ban san yadda zan rubuta yau ba.

Sun zo wuni. Na jira Auta ta shiga kicin wajen uwarta, surukina ya fita duba mota. 'Yar Ƙusa tana zaune a tabarma an tokare ta da matashi, ta ba ni baya, tana wasa da cokali. Na ajiye lasifikar nesa kaɗan a bayanta. Na murɗa ƙarar rabi na kaɗa C. Ba komai. Na murɗa har ƙarshe.

Kofuna suka yi ƙara a kan tire. Kare ya hau haushi a maƙwabta. Mai walda ya fito titi. Ni kuwa ina ta dukan tsirkiya, ba waƙa ba ce ma, duka ne kawai, ina kiran sunanta ina ƙarawa. Ina kallon bayan ɗan wuyanta.

Cokalinta take kallo.

Auta ta shigo a guje ta fizge wayar daga bango. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni. Ta ɗauke yarinyar ta rungume, hawaye na zuba, ta ce, "Ka gani yanzu? Ka gamsu? 'Yata ce, ba katakon gwaji ba." Yarinyar kuma ta hango ni ta saman kafaɗar uwarta ta washe mini baki.

Sun tafi ba su ci abinci ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Na mayar da lasifikar. Mai shagon ya tambaya ko ta yi. Na ce ta yi ƙara.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ba su zo ba.

Lahadi, 24 ga Agusta

Ba su zo ba. Na kira, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Tsohuwata tana zuwa can ita kaɗai, ta dawo ta ce suna gaishe ni. Na san gaisuwar da ake ƙirƙira a hanya.

Na tambaye ta ko yarinyar ta fara zama da kanta. Ta ce tun yaushe. Ban gani ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Surukina ya zo shi kaɗai. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi hawa kujera. Ya ce an auna, an sake aunawa a wani wurin. Kunne biyun duka. Tun haihuwa. Za a gwada mata abin sawa a kunne, amma likita ya ce kada mu ɗora rai da yawa. Ya ce akwai ajin da ake koya wa iyaye maganar hannu, su sun riga sun fara zuwa.

Na ce to. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Bakina ne ya faɗa.

Da zai tafi ya ce, "Baba, ita ma Auta ba fushi ne kawai ba. Ba ta iya kallonka kana jiran yarinyar ta juyo ne."

Tun haihuwa. Wato ranar da na sa riga mai kyau ma. Duk waƙar nan ni kaɗai na ji ta, ni da tsohuwa da mai walda.

Asabar, 6 ga Satumba

Na sa ukulelen a jakarsa na ɗora a saman kwaba, can baya inda ba na gani.

Litinin, 22 ga Satumba

Mai walda ya shigo da kansa, abin da ba ya yi. Ya zauna ya yi ta kallon bango, can ya ce, "Kafinta, unguwa ta yi shiru da yawa. Ina sa ɗin nan naka?" Na ce an yanka. Bai yi dariya ba, ni ma haka.

Kantar yatsuna ta fara laushi.

Me zan ba ta? Ban iya komai ba sai katako da wannan abin da na koya dominta. Da me kaka yake kiran jikarsa in ba da murya ba?

Lahadi, 12 ga Oktoba

Sun zo. Tsohuwata ce ta ƙulla, ban san me ta faɗa musu ba.

Auta ta gaishe ni, na amsa, muka rasa na ƙarawa. Yarinyar ta yi ƙiba, tana rarrafe, haƙora biyu sun fito a ƙasa, duk abin da ta samu baki. Ta ci gefen tabarma, ta ci takalmina.

Tsohuwata ta hau kujera wai neman bargo a saman kwaba, ta sauko da jakar ta dire mini a cinya. "Riƙe mini wannan, ya tare hanya." Bargo a wannan zafin. Na buɗe don in ga ko ƙura ta shiga, wallahi don haka kawai.

'Yar Ƙusa ta rarrafo ta kama gwiwata ta miƙe. Ta cafki kan ukulelen, wajen kunnuwan, ta kafa masa haƙora. Na kai hannu in janye, babban yatsana ya goga tsirkiyar sama.

Ta tsaya cak. Idanunta suka buɗe. Ta saki katakon ta kalle shi, ta kalle ni. Ta sake kafa haƙora.

Na kaɗa kuma, a hankali. Ta ƙyalƙyale da dariya har miyau ya zubo a kan katakon. Ta saki, ta ciza, ta jira. Jira take yi. Ni take jira.

Na ce ta ji, Auta, yarinyar ta ji.

Auta ta durƙuso kusa da mu. Ta ce, "Baba, ba ji ba ne irin wanda kake nufi. Rawar katakon ce take shiga ƙashinta." Ta tsaya tana kallona, tana tsoron in sake farawa.

Ni da na yi rayuwata ina ɗora tafin hannu a kan katako in san ko inji yana cin sa daidai. Na ɗauki ɗan hannun yarinyar na shimfiɗa a jikin ukulelen na yi mata waƙarta tun daga farko. G ta karkace, tsirkiyoyin duk sun saki. Ba ta ɗauke hannun ba har na gama.

Sun ci abinci kafin su tafi.

Talata, 14 ga Oktoba

Fentin kan nan mai ƙyalli ba zai yi wa bakin yaro kyau ba. Na kwance kunnuwan, na bi kan da samfefa har farin katako ya fito, na zagaye kusurwoyin, na shafa man zaitun kaɗan. Sawun haƙoranta biyu na nan a gefe. Na bi ta kewayensu.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na ce wa mai shagon ya ba ni tsirkiya mafi kauri da za ta hau. Ya ce za ta ɓata zaƙin sautin. Na ɗora hannunsa a bayan akwatin na kaɗa tsohuwar tsirkiyar, na ce wadda ta fi wannan girgiza nake so. Ya kalle ni ya kalli goggen kan, bai tambaya ba. Ya ɗaura mini da kansa.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Surukina yana hanya, ba mai riƙe yarinya in Auta ta shiga ajin nan nasu na yamma. Shi ya sa na raka ta, ba wani abu ba. Na zauna a bencin baya da 'Yar Ƙusa a cinya. Irin bencin da na zauna a kai lokacin da ake koya mini baƙaƙe, har ƙafarsa ɗaya tana rawa, in na koma zan tafi da guduma.

Malamin kurma ne, fuskarsa kaɗai ta isa labari. Ban ce zan koya ba. Amma mutum yana zaune ido buɗe, dole ya ga abin da ake yi. Yatsun nan nawa kuma da suka iya G ban ga abin da zai gagare su ba.

Auta ta juyo ta kama ni ina gwada wata alama a ƙarƙashin benci. Ta gyara mini babban yatsa ta ce, "Haka ake cewa kaka." Na ce ƙaiƙayi hannuna yake yi.

Na nemi 'yar na'urar saitin ɗazu ban gan ta ba. Tsohuwata ta ce ta kwana biyu a cikin kwanon maɓallai. A bar ta can.

Na yi alamar a gaban madubi kafin in fito alwala. Sau ɗaya ko biyu. Ranar Lahadi za su zo.